Amarci A Amurka: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Mai karatu, na san ka sha ganin irin wannan a finafinan mu: yarinya ta samu miji mazaunin Amurka, ko saurayi ya yi dace da 'yar can, a sha soyayya, a yi rawa da waƙa, a ɗaura aure. Sai a nuno jirgi ya na tashi, fitowa ta gaba kuma ga ango da amarya cikin rigunan sanyi su na yawo a gindin dogayen gine-gine. To ka sani akwai abin da darakta ya yanke a tsakani, kuma abin nan da ya yanke ya fi fim ɗin kan sa tsawo, domin ya kan ci shekara biyar ko fiye, ba kiɗa ba waƙa, sai takardu.

Gani ya kori ji. A watan Afrilu na 2025, bayan ƙaramar Sallah, na yi mako uku a birnin Niyu Yok a gidan yayata, 'yar wan mahaifina, wadda ke auren ɗan ƙasar Amurka. Shi maigidan nata, Alhaji, a can aka haife shi, amma iyayen sa mutanen zangon Kumasi ne ta ƙasar Gana, don haka Hausa a bakin sa ta ke, sai dai ɗan karin harshe irin na su. Na tarar da gidan a tsakiyar hidima biyu, ta sabunta katin zaman Yaya da kuma ta haraji, shi ya sa na samu ganin abin tun daga tushe.

KILISHI BA YA ƘETAREWA

Tun kafin in taso Yaya ta yi mani kashedi a waya. Ta ce, "Auta, duk wanda ya ba ka kilishi ko dambun nama ya ce ka kawo mani, ka yi masa godiya, ka cinye abin ka a nan Kano." Ashe dokar Amurka ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama daga ƙasashe irin namu ba, ɗanye ko busasshe, saboda tsoron cututtukan dabbobi. A filin jirgin sama na John F. Kennedy, in jami'in shige da fice ya gama da fasfon ka sai 'yan kwastan, har da karnukan su masu sansanar jaka. Ƙa'idar ita ce duk abin ci da ka riƙo ka faɗa da bakin ka. In ka faɗa ya zama haramtacce ne, karɓewa kawai za su yi. In kuwa ka ɓoye su ka gano, tarar farko dala 300 ce. Haka batun kuɗi: ba a hana ka shiga da ko nawa ba ne, amma in sun haura dala 10,000 dole ka cike fom ka bayyana su. Ni kuka da kuɓewa da yaji na riƙo, na faɗa, aka buɗe aka duba, aka ce in wuce.

Niyu Yok gunduma biyar ce, mutanen ta sun haura miliyan 8. Wadda ake nuna mana a finafinai ita ce Manhattan. Su Yaya kuwa a Bronx su ke, can arewacin birnin, inda ba ka ganin benayen gilashi sai tsofaffin gidajen haya na jan bulo masu hawa biyar ko shida, kowanne da tsanin ƙarfe maƙale a jikin sa don gudun gobara. Jirgin ƙasa mai lamba 4 ta saman titin Jerome ya ke bi a kan gadar ƙarfe, in ya zo wucewa sai kun dakata da hira. A nan 'yan Afrika ta Yamma su ka yi sansani: Fulanin Gini, mutanen Gambiya da Mali, 'yan Gana, 'yan Nijar, a cakuɗe da 'yan Dominika masu jin Sifaniyanci. Ka shiga kantin kayan miya ka ji ana ciniki da Hausar zango, ka rantse a Sabon Gari ka ke. Sanyi kuwa, wai cewa su ke ya wuce, amma ni ko a tsakiyar hunturun Kano ban taɓa jin irin sa ba.

AKWATIN DA YA FI NA LEFE

A ƙarƙashin gadon Yaya akwai wani akwatin roba da ta ke ji da shi fiye da akwatunan lefen ta. Da ta jawo shi sai na ga fayil-fayil, kowanne da shekarar sa a rubuce. Ta yi dariya ta ce, "Ka ga auren nawa nan." An ɗaura auren a Kano a Disambar 2021, amma ba ta taka Amurka ba sai a Yunin 2023. Wata goma sha takwas ke nan ta na amarci a ɗakin Inna, 'yan unguwa na ta gutsiri-tsoma wai ko mijin ya fasa ne.

Dalili kuwa shi ne auren ɗan ƙasa ba ya ba mutum ƙasa, ko biza ma ba ya bayarwa. Iyakar abin da ya ke yi shi ne ya ba ka damar nema. Da farko ɗan ƙasar ne zai cike fom mai suna I-130 ya aika wa hukumar USCIS, mai kula da takardun baƙi, ya haɗa da shaidar aure da hujjojin cewa auren na gaske ne. In sun amince sai fayil ya koma Cibiyar Biza ta Ƙasa da ke garin Portsmouth a jihar New Hampshire, inda za a tattara takardar haihuwa da takardar 'yan sanda ta rashin laifi da fom na DS-260. Daga nan sai Legas, domin bizar zama ta 'yan Nijeriya a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka na titin Walter Carrington a Victoria Island ake ganawar ta, bayan likitan da su ka amince da shi ya duba lafiyar mutum ya yi masa allurai.

Akwai wuri biyu da al'adar mu ke karo da dokar su, kuma ya kamata iyaye su sani. Na farko, a wurin mu wakilin ango da waliyyin amarya ke karɓa da bayarwa, ango na iya kasancewa a wata duniyar. Amurka ta yarda da auren Musulunci da na gargajiya muddin ya halatta a inda aka ɗaura shi, sai dai dokar shige da ficen ta ta ce auren da aka ƙulla ba tare da ma'auratan sun halarta tare ba, ba ya ƙirguwa sai an nuna sun tare bayan sa. Shi ya sa Alhaji ya adana tikitin jirgin sa na zuwa Kano da hatimin da aka buga masa a fasfo da hotunan biki. Na biyu, kishiya. Tun 1891 dokar su ta hana shiga ga mai zuwa ya zauna da mace fiye da ɗaya. Mai mata a gida da ya ƙara aure da 'yar Amurka, na biyun ba aure ba ne a wurin su, in kuma ya ɓoye uwargidan a fom aka gano, ƙaryar na iya hana shi shiga ƙasar har abada.

Sai takardar ɗaukar nauyi, I-864. A nan ɗan ƙasar zai sa hannu cewa shi ke da ci da shan wanda ya kawo, ya kuma nuna samun sa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin ƙasar, wanda a 2025 ya kama dala 26,437 a shekara ga gida mai mutum biyu. Abin da ya ba ni mamaki, ko an yi saki wannan alƙawarin ba ya faɗuwa, ya na nan har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa, ko ya yi aikin kimanin shekara goma, ko ya bar ƙasar ya ajiye katin sa, ko ɗayan su ya rasu. Kuɗin hukuma kuwa, a farashin 2025, I-130 dala 675, biza 325, duba takardar ɗaukar nauyi 120, buga kati 235, cire sharaɗin kati 750, neman zama ɗan ƙasa 760. Jimla dala 2,865, ban da likita da lauya da tikiti. Tirƙashi! Sadakin Yaya bai kai rubu'in haka ba.

KATI MAI WA'ADI

Katin zaman dindindin, wato koren katin nan da ake ta magana, shi ma iri biyu ne. In ranar da ka shiga ƙasar auren ku bai cika shekara biyu ba, na wucin gadi za a ba ka, mai wa'adin shekara biyu. Wannan ya samo asali ne daga dokar da majalisar su ta yi a 1986 don maganin auren bogi. Kwana 90 kafin katin ya mutu, miji da mata za su cike fom na I-751 tare, su roƙi a cire sharaɗin a ba da mai shekara goma. Wanda ya yi sakaci wa'adin ya wuce, izinin zaman sa ya faɗi. Katin Yaya a Yunin 2025 zai mutu, shi ya sa na same su cikin haɗa takardu.

Me ake haɗawa? Duk abin da ke ɗauke da sunan su biyu: takardar hayar gida, asusun banki na haɗin gwiwa, inshorar lafiya, kuɗin wuta, takardar haihuwar jaririn su, da uwa-uba takardun haraji. A nan ma sai an sake lale. Mu a gida kuɗin mace nata ne, na miji nasa ne, sunan maigida kaɗai ke kan takardar haya, kuma ba wanda ya ce wannan rashin ƙauna ne. Shi kuwa jami'in can, da ya ga asusu daban-daban sai ya fara tunanin ko zaman haya ku ke yi. Na ce, "Yaya, to shaidun ɗaurin aure fa, da duk jama'ar da su ka ci goro?" Ta ce, "Auta ke nan. Ai su rasit su ka sani." Ko sauya gida ka yi, kwana goma doka ta ba ka ka sanar da su sabon adireshi.

Akwai abin da na ke so 'yan'uwa mata su riƙe. Wasu mazan kan mai da katin nan sanda, su ce in kin yi motsi na fasa sa hannu a kore ki. To doka ta buɗe ƙofa: wadda aka saka, ko mijin ya rasu, ko ya na cutar da ita, ta na iya cike I-751 ita kaɗai, muddin za ta nuna da gaskiya ta shiga auren. Akwai kuma dokar 1994 ta kare mata daga cin zarafi, wadda ta ba matar ɗan ƙasa damar nema wa kan ta kati ba da sanin sa ba in ya na azabtar da ita. Namiji ma da ya samu kan sa a irin wannan hali dokar ta haɗa da shi.

GININ DA AKE AUNA SOYAYYA

Wata safiya Alhaji ya ce, "Suruki, taso in kai ka ka ga inda ake yi mana hisabi." Mu ka hau jirgin nan mai lamba 4, dala 2.90 kowa a lokacin. Da mu ka wuce filin wasan Yankee sai jirgin ya nutse cikin ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin kogin Harlem, ya ratsa Manhattan a tsaye, mu ka sauka a tashar da ke kusa da gadar Brooklyn. Tafiyar minti kaɗan sai ga ginin gwamnatin tarayya mai lamba 26 Federal Plaza, hawa 41. A ƙofa mutane ne a jere cikin sanyi, kowa rungume da fayil, wasu ma'aurata riƙe da kundin hotunan bikin su. A cikin ginin nan ofishin USCIS na birnin ya ke, da kotun shige da fice. Bayan dawowa ta gida, cikin 2025 ɗin, ya yi ta fitowa a labarai saboda kamen baƙi da jami'an hukumar ICE su ka riƙa yi a barandar kotun.

In jami'i bai gamsu da auren ku ba, sai a kira ku ganawa ta biyu, wadda ake kira Stokes, sunan wata shari'a da aka yi a kotun tarayya ta Niyu Yok a 1975. Za a raba ku, a yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, a naɗi amsa, a gwada. Wa ya riga tashi yau? Me ku ka ci jiya da dare? Wane launi ne buroshin haƙorin ta? Masu kallon finafinan Amurka za su tuna Green Card na darakta Peter Weir, wanda ya fito a 1990, inda Gérard Depardieu ya fito a Bafaranshen da ya yi auren takarda da Andie MacDowell a wannan birni. Sun haddace komai, amma sunan man shafawar ta ya tona masa asiri, aka kore shi daidai lokacin da son gaske ya shiga. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A zahiri hukuncin auren bogi ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar dala 250,000, kuma wanda aka kama ba a sake amincewa da takardar neman zaman da wani zai cike masa, ko da daga baya ya yi auren gaskiya. Mu da mu ka san yadda ake kallon auren kisan wuta, wannan ba zai yi mana wuyar fahimta ba.

Amma masu gaskiya ma sai sun shirya. Bahaushiya da ba ta faɗin sunan miji don alkunya, ko mijin da bai riƙe ranar haihuwar matar sa ba, a wurin mu ba komai ba ne, a ɗakin can kuwa alamar tambaya ce.

Tsallaken titin Duane daga ginin akwai wani fili mai baƙin dutse da ya sa jiki na ya yi sanyi. Maƙabartar 'yan Afrika ce ta zamanin bauta, wadda aka gano a 1991 ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati. An ƙiyasta mutum 15,000 aka binne a yankin. An tono ƙasusuwan mutum 419, aka sake binne su a 2003 cikin akwatunan da aka sassaƙa a Gana. Waɗancan an kawo su a ɗaure ba a tambaye su takarda ba, ga jikokin nahiyar su a tsallaken titi su na layi da fayil. Mu ka yi shiru na ɗan lokaci, mu ka wuce.

ZUWA GIDA GANIN DANGI

Da Yaya ta haihu a 2024 Inna ta so ta dawo gida wanka, ta zauna har yaro ya yi ƙwari. Ba ta je ba, kuma ba don rashin kewa ba. Koren kati na mai zama ne a Amurka. Wanda ya yi fiye da wata shida a waje zai sha tambayoyi a filin jirgi, kuma lissafin sa na neman zama ɗan ƙasa na iya wargajewa. Wanda ya cika shekara, katin ba zai shigar da shi ba, sai in tun kafin ya fita ya nemi takardar izinin dawowa, wadda ke kai shekara biyu. Ita da ta aika I-751, takardar shaidar karɓa da za a aiko mata ta na tsawaita katin da wata 48, don haka in za ta yi tafiya sai ta riƙe mataccen katin tare da wasiƙar.

Waɗanda su ka fi shiga tsaka mai wuya su ne waɗanda su ka yi auren a cikin Amurka, kamar ɗalibai, su ka cike fom na I-485 don sauya matsayin su. Irin waɗannan in su ka fita ƙasar kafin a ba su izinin tafiya na musamman, a mafi yawan lokuta an ɗauka sun janye buƙatar su ke nan. Ga kuma dokar 1996: wanda ya zauna fiye da kwana 180 ba izini, da ya fita an hana shi dawowa shekara uku, in zaman ya kai shekara, hanin na shekara goma ne. A masallacin unguwar su Yaya an nuna mani dattijon da a waya ya karɓi ta'aziyyar mahaifiyar sa, bai ga gawar ta ba. Allah Sarki!

Sannan kati ba fasfo ba ne. Yaya da fasfon Nijeriya ta ke tafiya, in za su Ingila ko Faransa ita sai ta nemi biza, maigida da jariri kuwa ba sa buƙata. Kanada da Meziko kuwa su na cikin ƙasashen da ke barin mai koren kati ya shiga ba biza.

RANAR 15 GA AFRILU

Haraji a Niyu Yok tun a kanti ya ke fara gaishe ka. Ka ga an rubuta dala 100 a jikin kaya, a wurin biya a ce 108.88, domin harajin saye na birnin kashi 8.875 cikin 100 ne, kuma ba sa haɗa shi a farashi. Yaya na aikin kula da tsofaffi a gidajen su. Ta nuna mani takardar albashin ta: gwamnatin tarayya ta cira, jiha ta cira, birni ya cira, ga kashi 7.65 na fansho da lafiyar tsufa. Duk da haka sai kowa ya cike fom na 1040 ya aika wa hukumar haraji ta IRS kafin 15 ga Afrilu ta wuce, a lissafa ko an cire maka fiye da ƙima a mayar maka, ko kai za ka cika. A makon nan shagunan masu cike takardun haraji a Bronx cike su ke kamar shagon tela a jajibirin Sallah.

Ma'aurata na da zaɓi, su cike tare ko kowa nasa. A lissafin shekarar 2024 masu cikewa tare an yafe masu haraji a kan dala 29,200 na farko, mai cikewa shi kaɗai 14,600. Cikewa tare ta kan fi sauƙi, kuma babbar shaida ce a wurin USCIS, amma duk wanda ya sa hannu ya ɗauki alhakin abin da ke ciki gaba ɗaya. In miji ya yi coge, bashin na iya hawa kan matar. Don haka 'yar'uwa, ki karanta kafin ki sa hannu. Haka nan wanda 31 ga Disamba ta same shi da aure ba shi da ikon rubuta kan sa a gwauro, ko da amaryar na Kano. Alhaji ya ce shi lambar haraji ta baƙi, wadda ake kira ITIN, ya nema wa Yaya tun ta na gida, domin ya san wata rana za a buɗe takardun nan a gaban sa.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shi ne mai koren kati, kamar ɗan ƙasa, duk abin da ya samu a faɗin duniya sai ya bayyana. In Yaya na da shago a Kantin Kwari ana biyan ta haya, sai ya shiga fom. In kuɗin da ke asusun ta na bankunan waje, a haɗe, su ka haura dala 10,000 ko da na yini ɗaya ne, kimanin naira miliyan 16 a canjin lokacin, akwai wani rahoto daban mai suna FBAR da za ta aika. Babu yarjejeniyar harajin samu tsakanin Amurka da Nijeriya, sai dai ana iya neman a rage maka abin da ka riga ka biya a gida. Kuɗin da ka ke aika wa iyaye ba a rage maka haraji saboda su, iyayen da ke Kano kuma ba sa shiga lissafin waɗanda ka ke ciyarwa. Bugu da ƙari, dokar da aka sa wa hannu ran 4 ga Yuli 2025 ta ɗora harajin kashi 1 cikin 100 a kan tsabar kuɗin da aka kai shago don aikawa waje, daga 1 ga Janairu 2026. Wanda ya tura daga asusun banki bai shiga ciki ba. Kuma kada mai kati ya kuskura ya cike fom a matsayin wanda ba mazaunin ƙasar ba don gudun haraji, domin ana iya ɗaukar wannan a matsayin ya ajiye katin da kan sa.

ƘOFA MAI BUƊEWA DA RUFEWA

Ana jibi zan taso mu ka shiga jirgin ruwa daga ƙarshen Manhattan zuwa tsibirin Ellis, kusa da gunkin 'yanci. Ta nan baƙi fiye da miliyan 12 su ka shiga Amurka tsakanin 1892 da 1954, yanzu an mai da wurin gidan tarihi, ga tsofaffin akwatunan su nan a jibge. Tarihin ƙasar ya nuna dokar aure da baƙo ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. A 1907 an yi dokar da ta ce Ba'amurkiyar da ta auri baƙo ta rasa ƙasar ta, sai a 1922 aka fara warware ta.

A zamanin mu ma haka abin ya ke. A Janairun 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya, a 20 ga Janairu 2021 Shugaba Joe Biden ya soke dakatarwar, ta wannan tagar Yaya ta shiga. A Yunin 2025 Trump ya rufe ƙofa ga ƙasashe 12, har da Cadi da Sudan, amma ya bar rangwame ga mata da mazajen 'yan ƙasa. A 16 ga Disamba 2025 ya faɗaɗa sanarwar: Nijar ta shiga jerin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya, Nijeriya aka dakatar mata da bizar zama da ta ziyara da ta karatu daga 1 ga Janairu 2026, aka kuma cire wancan rangwame na ma'aurata. Masu kati a hannu ba su shiga ciki ba. Ka tuna da amaren da su ka gama komai su na jiran ranar Legas lokacin da labarin ya zo masu.

Ga wanda ya riga ya shiga, ƙarshen tafiyar shi ne zama ɗan ƙasa. Mai auren ɗan ƙasa shekara uku zai yi da kati maimakon biyar, muddin su na tare kuma ya yi aƙalla wata 18 a cikin ƙasar. Akwai jarrabawar Turanci da ta tarihi da tsarin mulki. Ga masu nema daga 20 ga Oktoba 2025, tambaya 128 ake karantawa, a yi maka har 20, ka ci 12. A nan ma takardun haraji za a duba. Wanda aka haifa ɗan Nijeriya ba ya rasa ƙasar sa don ya karɓi wata, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada.

Saboda haka samari da 'yan mata, in aka ce ga miji ko mata daga Amurka, kafin a kai kuɗin gaisuwa a yi tambaya. Ɗan ƙasa ne, ko mai kati ne, ko ba shi da komai? Domin kowanne da hukuncin sa. Ya taɓa aure, ina takardar sakin? Ya na biyan haraji? Samun sa ya kai ya ɗauki nauyi? In ƙofa ta daɗe a rufe, zai iya dawowa gida ku zauna? Wanda ya ke da gaskiya ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. A kuma nemi lauya mai lasisi, a guji 'yan cuwa-cuwar biza. Allah ya haɗa kowa da rabon sa na alheri, ya sada waɗanda takarda ta raba, amin.